Matar Shugaban 'Yan Teku

Ranar da Bodil ta saki farantin kofi a zauren taron Tolstrand, ni ce kusa da ita, kuma ni na tsince fasassun kofunan. Ta fito daga kicin za ta teburin gaba, sai na ga ta tsaya cak, ta karkata hagu kamar mai tsaye a jirgin ruwa, farantin ya sulale daga hannunta. Ta ce jiri ne kawai, a miƙo mata tsumma. Mijinta Preben yana kan dandamali riƙe da sandar nuna taswira. Bai sauko ba. Ya dube ta, ya dubi jama'a, sai fuskarsa ta washe irin ta wanda ya tsinci dami a kala.

"Kun dai gani da idonku," in ji shi. "Mita ɗari tara ne tsakanin tagar ɗakinmu da fanka ta farko."

Manyan fankoki uku ne masu samar da lantarki daga iska a gonar bayan gari, shekararsu shida suna juyawa. A kakar nan ce wani kamfani ya nemi izinin ƙara tara, kowace ta ninka hasumiyar cocinmu sau biyar. Nan gari ya rabu. Mu masu gidaje ta gefen gona muka ce a kai su teku, inda ba mai jin ƙuginsu sai kifi, aka sa mana suna 'yan Teku. Masunta suka ce teku ita ce gonarsu, in aka kafa ƙarafa a inda suke jan koma sai su ci me, a bar su a kan tudu, aka sa musu 'yan Tudu. Ba wanda ya ce ba ya son wutar. Kowa yana son ta, amma a kafa fankokin kusa da gidan wani.

Preben ne shugabanmu. Tsohon malamin labarin ƙasa ne, ya yi ritaya bai gama koyarwa ba. Ni, Tove, maƙwabciyarsu ta katanga ɗaya, ni ce sakatariya. Shugaban 'yan Tudu kuwa Ejvind ne, yayan Bodil ciki ɗaya, mai jirgin kamun kifi. Shekara arba'in ke nan ba sa ga maciji da Preben. Ejvind yana kiran sa Farfesa, shi kuma yana kiran Ejvind Kyaftin, kowa da irin muryar da yake faɗin nasa.

Washegarin taron Preben ya sayo littafi mai baƙin bango, ya ja layi uku a kowane shafi: ƙarfin iska, inda ta fito, da halin da Bodil take ciki. Kullum da safe kafin ta kurɓi kofi sai ya tambaye ta ciwon kan nawa ne cikin goma. In ta ce uku, sai ya ce ta dai ƙara tunani, jiya iska ta yi ƙarfi. Sai ta ce to, biyar. Ba a daɗe ba ta daina buƙatar ƙari, don ciwon ya kai biyar ɗin da kansa, ya wuce. Kunnenta na hagu ya fara yi mata ƙara kamar butar shayi. Wasu safiyoyin takan yi amai kafin ta karya.

Littafin nan bai taɓa yin kuskure ba. In ta kwana da ciwo iska na kaɗawa, to ga hujja. In ta kwana da ciwo babu iska, to ragowar ta shekaranjiya ce ta taru a jiki. In kuma ta wayi gari garau alhali iska na kaɗawa, sai ya ce ƙarfin hali ne irin na matan da, ya bar layin babu rubutu.

A watan Nuwamba ta hau motar haya ta Talata, wadda ita kaɗai ce ta rage mana a mako, ta je wajen likitar gunduma. Likitar ta haska idonta, ta sa ta taka layi, ta ce lallai a yi mata hoton ƙwaƙwalwa a babban asibiti, tafiyar awa biyu daga nan. Bodil ta daina tuƙi tun ranar da ta ga titi ya zama biyu. Takardar asibiti kuwa ta kwamfuta take zuwa, kuma a gidan nan Preben ne mai kwamfuta. Ita ko lambar sirrinta ba ta riƙe ba, shi ya zaɓa mata.

Ranar farko da aka ba ta ta zo daidai da zuwan ɗan jarida, sai Preben ya ɗaga. Na shiga gidan da safen nan na tarar da ita gaban madubi ta taje gashinta ta sa jan baki, don ba a taɓa ɗaukar hotonta a jarida ba. Preben ya leƙo, ya tsaya, ya ce mata ba gasar kyau za a yi ba. Ta sa takarda ta goge. Ya ɗauko mata tsohuwar rigar sanyinsa mai ruwan toka, ya zaunar da ita jikin taga yadda fanka za ta fito ta bayan kanta. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Mun yanke shi mun manna a allon zaure, mutum goma sha ɗaya suka shiga ƙungiya a makon.

Rana ta biyu ma ya ɗaga. A taron kwamiti ya yi mana bayani. Ya ce ya samu labari mijin likitar yana da hannun jari a fankokin wata gunduma, saboda haka ba za ta taɓa yarda fanka na sa ciwo ba.

"In suka tura ta cikin na'urar nan, sai sun nemo wani abu sun ce shi ne. A shekarunmu wa za a haska ba a ga wani abu ba? Su rubuta shi a takarda, Kyaftin ya samu kwafi, shi ke nan aikin wata uku ya bi ruwa. A bari a yi zaman majalisa a Maris. Ana gamawa ni da kaina zan kai ta."

Muka gyaɗa kai. Ni na rubuta a littafin taro cewa an tattauna lafiyar matar shugaba, an yi mata fatan alheri.

Farkon Disamba ya karanta wani wuri cewa ƙugin fanka ba ya ratsa ƙasa sosai. Sai ya mayar da gadon Bodil ɗakin ƙasa, inda suke ajiye dankali da kwalaben jam na 'ya'yan itace. Ya ce don ita ya yi. Shi ya ci gaba da kwana a sama, don a cewarsa dole wani ya tsaya ya auna ƙarar. Ɗakin ba shi da taga sai wata 'yar kafa daidai da ciyawar tsakar gida, bangonsa kullum a jiƙe. Matakala goma sha uku ce, tsaye kamar tsani, banɗaki kuma yana sama. Mace mai jiri aka ce ta riƙa hawa da sauka. Baƙi in sun zo daga ƙungiyoyin wasu garuruwa, Preben yakan sauka da su ya nuna musu, ya ce su dubi inda kamfani ya kai matarsa. Bodil takan zauna bakin gado ta yi musu sannu da zuwa, ta tambaye su ko sun sha kofi.

Kwana tara ta yi kafin ta faɗo. Da hantsi ne, daga matakala ta shida. Na ji ƙarar daga kicin ɗina na ruga. Na tarar da ita zaune a ƙasa dafe da ƙugu, gefen fuskarta ya fara kumbura, Preben yana tsaye a kanta da waya. Ya ce in ɗan matsa, ina tare haske. Sai da ya ɗauki hoto huɗu sannan muka ɗaga ta.

Da yamma Ejvind ya zo, don labari ba ya kwana a Tolstrand. Ya shigo da takalmin robarsa da ƙullin kifi a takarda, ya ajiye a teburi, ya dubi fuskar ƙanwarsa ya ce ai ya zaci abin ya fi haka. Ya ce uwarsu ma ta yi jiri shekara ashirin, babu fanka ko ɗaya a lokacin, kuma ta kai tamanin da bakwai. Ya ce ciwon Bodil sunansa Farfesa, duk wanda ya zauna gida ɗaya da shi shekara arba'in dole kansa ya yi ciwo. Bodil ta yi dariya har ta dafe kai. Da dariyar ta lafa, ta tambaye shi a hankali ko motarsa tana nan lafiya, ko zai iya kai ta asibiti wata rana.

Ejvind ya sosa gemu. Ya ce ba wai ba ya so ba ne. Amma in aka ga shugaban 'yan Tudu ya ɗauko matar Farfesa zuwa asibiti, to ya sa hannu ke nan cewa fankokin tudu suna sa ciwo. Kafin ya dawo hotonsa yana allon zaure. Jirage ashirin da biyu ne suke dogara da shi.

"Ki soya kifin nan da man shanu, Bodil, ki ci da dankali. Ba abin da ke damun ki. Bayan Maris in kina so har Kwapanhagan, babban birnin ƙasa, sai in kai ki."

Ita ta soya kifin, tana jingine da kantar kicin don kada ta faɗi. Preben ya ci biyu, ya ce gaskiya Kyaftin ba shi da kai amma yana da kifi.

'Yarsu Maiken ta zo Kirsimeti daga birni. Ta lura uwarta ta zuba gishiri sau biyu a miyar agwagwa, ta kuma kira ta da sunan wata ƙanwar Bodil ɗin da ta rasu tuntuni. Ta yi wa uban magana. Ya zaunar da ita awa ɗaya da rabi da littafinsa da taswirarsa. Maiken a ofishin kare muhalli take aiki, kuma tun tana 'yar sha biyar ta gane cewa gardama da ubanta kamar ɗiban ruwa da kwando ne. Ta gaya mini a bakin ƙofa cewa ba ta so ta ɓata wa kowa biki, kuma Baba ya yi alkawarin Maris. Ta rungume uwarta ta ce, "Mama, ki riƙa hutawa," ta koma birni ranar ashirin da shida.

Yanzu sai nawa. Ina da mota, ina da lafiya, mijina ya rasu ba wanda zan nemi izninsa. Wata Litinin a Janairu na kai musu burodi, Preben ya fita auna iska. Bodil ta riƙo hannun rigata ta ce ta ji shi yana waya, an sake ba ta ranar Alhamis ƙarfe goma sha ɗaya, kuma ya ce zai ɗaga. Ta ce in ba zai dame ni ba, ko ina da zuwa birni ranar Alhamis. Haka ta faɗe shi, kamar mai neman aron sukari.

Na ce mata ranar Alhamis muke ninke takardun rabawa, dubu biyu ne, kuma ni ke riƙe da mabuɗin zaure. Gaskiya ne. Abin da ban faɗa ba shi ne tagar ɗakina ma tana kallon gonar nan, kuma in aka ƙara fanka tara inuwarsu za ta riƙa sharar bangona duk yamma. Ban faɗa ba kuma cewa ina tsoron zama maƙwabciyar Preben bayan na yi masa haka. Ta saki rigata ta ce ba komai, dama tambaya ce. Ta ce burodin ya yi ƙamshi.

A watan Fabrairu wata babbar waya ta lalace a ƙarƙashin gonar, fankokin uku suka tsaya cik. Aka ce gyaran zai ɗauki mako uku. Preben ya shigo gidana ko ƙwanƙwasawa bai yi ba, ya ce ga damar da muke jira. In fanka ta tsaya Bodil ta warke, magana ta ƙare, ko majalisa ba ta da ta cewa.

Sai dai Bodil ba ta warke ba. A makon ne hannunta na hagu ya fara sakin abu ba ta sani ba. Kalmomi suka fara ɓace mata, ta ce a miƙo mata cokali alhali tawul take nufi. Amma littafin ya nuna uku, ya nuna biyu, ya nuna ɗaya. Preben ya dawo da ita ɗakin sama. Ya ɗauko jar kwat ɗinta ta zuwa coci, ya ce ta taje gashi ta sa jan bakin nan nata. Kullum ƙarfe biyu na rana, lokacin da jirage ke shigowa, sai ya saƙalo hannunta su bi ta matsayar jirage daga wannan kai zuwa wancan. Daga nesa ka ce sababbin aure ne. In ka matso sai ka ga shi ne yake ɗauke da rabin nauyinta, ƙafarta ta hagu tana jan ƙasa, yana ce mata ta ɗaga kai, ta yi murmushi, ga su Kyaftin can suna kallo.

Ta yi murmushin. Mata suka tare ta a shagon burodi suna cewa kai, Bodil, kin yi kyau. Ejvind ya leƙo daga jirginsa ya ce wa yaransa ai ya faɗa, lafiyarta ƙalau tun farko, wasan kwaikwayo ne. Preben ya ce wa namu ai ya faɗa, ga ta nan ta miƙe. Rana ɗaya ce a shekarar da surukan nan biyu suka yarda da abu guda: Bodil ba ta buƙatar likita.

Ranar da fankokin suka koma juyawa, ya rataye jar kwat ɗin, ya mayar da gadonta ƙasa.

Zaman majalisa ya zo ranar sha biyu ga Maris, ƙarfe biyar na yamma. Zaure ya cika har bakin ƙofa, 'yan Teku a dama, 'yan Tudu a hagu, kansiloli bakwai a gaba da mutumin kamfani da na'urar haska hoto. Mutumin kamfani ya yi bayani cewa ta teku ta fi tsada, ta tudu ta fi sauri. Ejvind ya tashi ya ce kakansa a ruwan nan ya nutse, ba zai bari a kafa masa ƙarfe a kai ba. Aka tafa ta hagu. Preben ya yi minti arba'in, sau biyu shugaban majalisa yana nuna masa agogo. Daga ƙarshe ya ce yanzu za su ji daga bakin wadda abin ya shafa.

Ni na riƙo ta zuwa gaba. Rigar nan mai ruwan toka ce a jikinta. Ya ba ta takarda shafi ɗaya da ya buga da manyan haruffa, sun yi kwana biyar suna bita. Ta riƙe ta da hannun dama, ta kusantar da ita, ta nisantar. Ta karanta layin farko, sunanta da shekarunta sittin da huɗu. Ta tsaya. Preben ya raɗa mata layi na biyu. Aka fara tari a baya. Sai ta ajiye takardar a teburin kansiloli, ta kama makirfo da hannu ɗaya, ta yi magana a hankali, kalma bayan kalma, kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu.

"Ku sa su a teku. Ku sa su a tudu. Ku sa su a kan rufin gidana in kuna so. Ni dai wani ya kai ni asibiti."

Ɓangaren dama ya fashe da tafi, don sun ji asibiti. Ɓangaren hagu ma ya tafa, don sun ji ta ce a sa a tudu. Preben ya karɓe makirfo ya ce abin da matarsa take nufi shi ne, ya fara fassara ta. Ejvind ya miƙe ya ce a rubuta a rahoto ƙanwarsa ta amince da tudu. Shugaban majalisa yana buga teburi.

Bodil ba ta dubi ko ɗayansu ba. Ni ta duba. Ba harara, ba roƙo, kallo dai irin na wanda ya riga ya san amsa. Na ajiye littafin taro a kan kujera, na kama hannunta muka fita ta ƙofar kicin. Ba wanda ya tare mu, don ba wanda ya lura. A mota ta ba ni haƙuri wai ta sa na bar taro a tsakiya.

A daren suka yi hoton. Da safe wani likita matashi ya zaunar da ni, don ni kaɗai ce a wurin, ya nuna mini wani abu fari kamar ƙwan kaza a bayan kunnenta na hagu. Ƙari ne. Ya tambaye ni yaushe abin ya fara, na ce Oktoba. Ya duba kwamfuta ya ce ya ga an ba ta rana sau huɗu, an ɗaga sau huɗu, me ya faru? Na ce muna da taro. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce da a kaka ta zo, da akwai abin da za a yi.

Preben ya iso da rana da littafinsa a hammata. Ya nemi likitan ya rubuta masa cewa ba za a iya kore yiwuwar fanka ce ta haddasa ƙarin ba. Likitan ya ce irin wannan ƙari ya girmi fanka, ana ganin sa har a mutanen da ba su taɓa ganin fanka ba. Preben ya fito ya ce mini da gani an saye yaron. Sai ya shiga wajen matarsa, ya zauna, ya riƙe hannunta, ya yi kuka na gaske. Ya ce duk abin da ya yi don ta samu barci mai daɗi ya yi shi. Na yarda haka ya ɗauka. Ita ce ta riƙa shafa kansa da hannun da ya rage mata.

Ejvind ya zo washegari da kyafaffen kifi, wanda ma'aikatan jinya suka hana shi shiga da shi. Ya tsaya a ƙofa yana murza hularsa, ya ce shi dai ya sha faɗa ba fanka ba ce, kuma ga shi ta tabbata. Maiken ta ɗauki hutu ta zo ta ce me ya sa ba wanda ya gaya mata abin ya kai haka.

Mako biyar Bodil ta yi a asibiti. An yi mata aiki, an cire abin da ya ciru. Ni nake zuwa kullum in zauna da ita daga safe zuwa la'asar, ina yanke mata farce, ina karanta mata labarin wanda ya haihu da wanda ya mutu a jaridar gunduma. Ba ta taɓa tada maganar abin da ya wuce ba, kuma hakan ya fi mini zafi. Ta rasu wata Laraba da azahar, tsakiyar Afrilu. A makon ne majalisa ta sanar cewa ta ɗage yanke hukunci sai an ƙara bincike, a tudun da a tekun duka.

An yi addu'a a coci, an cika. Aka ƙone gawar kamar yadda aka yi wa iyayenta, mai shirya jana'iza ya karɓo tokar a ɗan tulu. Saura a san inda za a kai ta. Ba ta bar komai a rubuce ba.

Preben ya ce a maƙabartar coci za a binne ta, ta kusurwar gabas inda ake hango fankokin, har ya zana irin dutsen da za a kafa da abin da za a rubuta. Ejvind ya ce faufau. 'Yar masunci ce, jikar masunci, a jirginsa za a ɗauke ta a watsa tokar a ruwa, daidai inda 'yan Teku suke so a kafa ƙarafan, ya ga wanda zai kafa ƙarfe a kan ƙanwarsa. Shugaban 'yan Teku ya rantse sai tudu. Shugaban 'yan Tudu ya rantse sai teku. Ko ɗaya bai ga abin dariya a ciki ba. Maiken ta ce ita duk wanda aka yi daidai ne, ba ta so ta shiga tsakani.

Duka biyun sun zo gidana, kwana ɗaya tsakani, kowa da takardar da yake so in sa wa hannu cewa na ji ta faɗa da bakinta. Preben ya ce shekara arba'in ba wasa ba ce, ya san zuciyarta. Ejvind ya ce shi ya goya ta tana jaririya, wa zai gaya masa abin da take so. Na ba su amsa ɗaya.

"Mako biyar tana kwance da hankalinta. Kun zo, kun zauna, kun yi magana. Waninku ya tambaye ta?"

Preben ya ce bai so ya tayar mata da hankali ba. Ejvind ya ce irin wannan tambaya ba ta kamata ga mara lafiya ba. Ni ma ban tambaye ta ba, shi ya sa ban sa hannu ga kowa ba. Na mayar wa ƙungiya mabuɗin zaure, aka ba wata, wadda aka ce rubutunta ya fi nawa kyau.

Mun saba cewa mugun miji shi ne mai duka ko mai shan giya. Preben bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai taɓa mantawa da ranar haihuwarta ba. Ejvind ba ya yin mako bai aiko mata kifi ba. Maiken tana kiran ta duk Lahadi. Ni ina kai mata burodi. Mu huɗu muka kewaye ta, kowa da mota, kowa da dalili, kuma dalilin kowa mai kyau ne in ka saurare shi shi kaɗai.

Yau wata huɗu ke nan tulun yana ajiye kan wata kanta a ofishin mai shirya jana'iza, da 'yar takarda mai lamba a wuyansa. Jiya na bi ta wurin na roƙe shi ya nuna mini. Ya kai ni, ya share ƙurar murfin da hannun rigarsa. Ya ce ba ya ƙorafi, kantar tana da fili, sai dai wayarsa ba ta hutawa: mijin ya kira da safe, yayan ya kira da yamma, yanzu har lauyoyi sun fara. Ya girgiza kai cikin tausayi ya ce shekara talatin yana wannan aiki, bai taɓa ganin matar da danginta suke ji da ita haka ba.